Dutsen Zagami da na Agadas: yaya aka san daga duniyar Mars suka fito?

Wani malamin firamare daga Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Na ji a rediyo an yi gwanjon wani dutse da aka tsinta a jihar Agadas, an sayar da shi fiye da dala miliyan 5, wai daga duniyar Mars ya faɗo. Tunda babu ɗan'adam da ya taɓa taka Mars, balle ya ɗebo dutsenta, da me aka kwatanta shi har aka yanke wannan hukunci? Ko dai dabarar 'yan kasuwa ce?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Ka yi gaskiya a kan abu guda: har yau babu mutum ko na'urar da ta ɗebo ko tsakuwa ɗaya daga Mars ta kawo nan. Da a ce dutse ake ajiyewa kusa da dutse a duba kamanni, da babu abin kwatance. Iska aka kwatanta. Akwai iskar Mars a kulle cikin wasu daga cikin waɗannan duwatsu, akwai kuma na'urorin da suka sauka a Mars suka auna iskarta a can, suka aiko da sakamakon ta rediyo. Da aka ɗora wannan awo a kan wancan, sai suka zo daidai. Amsar ke nan a dunƙule. Amma ina so in bi da kai hanyar da aka bi kafin a kai nan, domin su kansu masana sun yi shekaru suna gardama irin taka, kuma hanyar ta ratsa ta ƙasar Katsina, maƙwabciyarku.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da dutsen Zagami, a yankin Faskari na lardin Katsina na wancan zamani. Sai ya ji wata ƙara mai tsanani, iska ta buge shi, wani abu ya faɗo kamar ƙafa 10 daga inda yake tsaye, ya nutse a ƙasa kusan ƙafa 2. Da aka tono shi, dutse ne mai baƙin ɓawo, nauyinsa wajen kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. A shekarar babu wani mahaluki da zai iya cewa ga inda ya fito. Kumbon farko da ya ɗauko hoton Mars daga kusa, Mariner 4 na Amurka, bai gitta ta ba sai a watan Yulin 1965, kuma hotuna ashirin da 'yan kai ya aiko, duk dishi-dishi. Abin da masana suka iya cewa kawai shi ne dutsen Zagami ɗan'uwan wani ne da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a 1865, kuma su biyun suna da kusanci da wanda ya faɗo a Nakhla ta Masar a 1911 da na Chassigny ta Faransa a 1815. 'Yan tsiraru ne da suka fita daban a cikin dubban duwatsun da suka faɗo daga sama, aka ware su gefe guda ba tare da an san asalinsu ba.

Abin da ya fara tayar da hankalin masana shi ne shekarunsu. Dutse yana ɗauke da agogonsa a jiki. Akwai sinadarai irin su yuraniyom da rubidiyom da fotasiyom waɗanda ƙwayoyin zarrarsu ke rikiɗa a hankali su koma wani sinadarin daban, kuma saurin rikiɗar sananne ne, zafi ko sanyi ba ya canza shi. In ka auna abin da ya rage da abin da ya riga ya rikiɗa, za ka san tun yaushe dutsen ya daskare. Kusan duk duwatsun da ke faɗowa daga sama shekararsu wajen miliyan 4,500 ce, wato sa'annin rana da duniya ne, ɓaraguzan ƙananan duwatsun nan da ke shawagi tsakanin Mars da Jupiter. Na Zagami kuwa, da aka auna, bai wuce shekara miliyan 180 da daskarewa ba. Na Nakhla wajen miliyan 1,300. Kuma kallon ƙirarsu kaɗai ya isa ya nuna wa masanin duwatsu cewa narkakken dutse ne ya huce, irin wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa.

Ka dubi tuwo. Malmalar da aka kwashe a kwano kafin a jima ta huce har ciki, wanda ya rage a babbar tukunya kuwa yana nan da zafinsa har dare. Haka halittun sama suke. Ƙaramin dutse mai faɗin kilomita 100 ko 500 ya huce tun farkon zamani, ba shi da sauran wutar da zai narkar da komai shekara miliyan 180 da suka wuce. Sai babbar tukunya, wato duniya sukutum. To wace ce? Wata dai an san duwatsunsa: 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo sun kawo kilo 382 tsakanin 1969 da 1972, kumbunan Luna na Tarayyar Sobiyat marasa matuƙi sun kawo nasu tun daga 1970, kuma ba su yi kama da na Zagami ba. Zara matar wata, wadda Turawa ke kira Venus, girmanta ya kusa na duniyarmu, ga iska mai kauri da ta ninka tamu nauyi sau 90, da wuya dutse ya kuɓuce mata. A 1971 kumbon Mariner 9 ya shiga kewaya Mars, ya tarar da guguwar ƙura ta rufe ta gaba ɗaya, da ƙurar ta lafa sai ga kawunan manya-manyan duwatsu masu aman wuta, cikinsu har da Olympus Mons, wanda tsayinsa ya haura kilomita 20, fiye da ninki biyu na dutsen Everest. Tun ƙarshen shekarun 1970 wasu suka fara cewa, a hankali, ko dai Mars ce.

An samu shaida ta biyu daga iskar oksijin da ke cikin ma'adinan dutsen. A nan sai na yi maka bayanin wata kalma, domin duk sauran maganar a kanta ta dogara. Sinadari ɗaya yana iya zuwa da nauyi daban-daban, kamar 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya da wani ya fi wani jiki. Oksijin akwai mai nauyin 16, akwai mai 17, akwai mai 18. Masana na kiran waɗannan aisotof. Kowace duniya da irin gaurayen da ta gada tun ranar da aka haɗa ta. Duk dutsen da ka ɗauka a duniyarmu, daga Dala ta Kano ne ko daga ƙarƙashin teku, in aka auna gaurayen oksijin ɗinsa a kan layi ɗaya zai faɗa, duwatsun wata ma a kan layin suke. Robert Clayton na Jami'ar Chicago ya shafe rayuwarsa yana wannan awo, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa Zagami da Shergotty da Nakhla da Chassigny suna kan wani layi nasu na daban, kusa da namu amma ba shi ba. Ma'ana gidansu ɗaya, kuma gidan ba nan ba ne. Sai dai oksijin bai faɗi sunan gidan ba.

Masu ja kuwa suna da hujja mai ƙarfi, kuma ina ganin ya kamata a ba su haƙƙinsu. Kafin dutse ya kuɓuce wa Mars sai an cilla shi da gudun kilomita 5 a daƙiƙa guda. Lissafin wancan lokaci ya nuna duk bugun da zai yi wannan cilli zai narkar da dutsen ko ya mai da shi gari. Abu biyu suka karya wannan hujja. A watan Janairun 1982 aka tsinci wani ɗan dutse a kan ƙanƙarar Antatika, da aka gwada shi da duwatsun Apollo sai aka ga ba ko tantama na wata ne. Ashe dutse na iya barin gidansu ya iso nan da ransa. Sannan wani masani mai suna Jay Melosh ya fito da lissafin yadda abin ke faruwa. Ka zuba tsabar gero a kan fatar ganga ka buga gefe: inda makaɗi ya sauka ya sha bugu, amma tsabar da ke kewaye tsalle take yi sama ba tare da ta farfashe ba. In ƙaton dutse ya faɗa wa Mars, abin da ke tsakiyar ramin yana narkewa, amma duwatsun da ke kwance a saman ƙasa a gefen ramin ana watsa su sama da gudu, wasu su fice gaba ɗaya. Sun sha bugu, alamarsa na jikinsu, amma ba su narke duka ba.

Wannan bugun shi ne ya ajiye mana shaidar da ta raba gardama. Amma sai mun koma baya kaɗan zuwa 1976.

A shekarar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sauke kumbuna biyu marasa matuƙi a Mars: Viking 1 ranar 20 ga Yuli, Viking 2 ranar 3 ga Satumba. Babban abin da aka tura su nema shi ne alamar rai a cikin ƙasar, kuma a kan wannan sakamakon ya zo a cukurkuɗe, har gobe ana ja-in-ja a kansa. Amma kowannensu yana ɗauke da na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin zarra. Yadda take aiki: ta zuƙi iska kaɗan, ta sa wa ƙwayoyin cajin lantarki, ta harba su ta gaban maganaɗisu. Marasa nauyi su karkata sosai, masu nauyi su karkata kaɗan, kowane ya sauka a gurbinsa a ƙirga shi. Da wannan Viking ya gano iskar Mars kashi 95 cikin 100 kabon dayoksaid ce, sai naitirojin da agon 'yan kaɗan, kuma nauyinta duka bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne gaurayen aisotof ɗinta. Naitirojin mai nauyin 15 ya fi na duniyarmu yawa da wajen kashi 60 cikin 100. Agon mai nauyin 40 a kan mai 36, wanda a iskarmu bai kai ninki 300 ba, a can ya haura haka sau da yawa. Zenon mai nauyin 129 a kan mai 132, wanda a nan kusan kunnen doki suke, a can ya ninka sau biyu da rabi. Babu wani wuri da aka taɓa auna iska mai irin wannan tambari.

Dalilin wani ɓangare na wannan tambari yana da daɗin fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin ana shiƙa. Mace ta ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka. Mars ƙarama ce, ƙarfin da take jan abu da shi kashi 38 cikin 100 ne na duniyarmu, kuma ta rasa garkuwar maganaɗisun da ke kare duniya daga ƙwayoyin da rana ke fesowa. Shekara dubban miliyoyi rana tana shiƙar iskarta: ƙwayoyi marasa nauyi su ke hawa can sama, su ake fara kwashewa, masu nauyi su rage. Shi ya sa abin da ya saura ya karkata wajen masu nauyi. Kumbon MAVEN, wanda ya isa Mars a 2014, ya auna wannan asara tana faruwa a gabansa, kuma daga awonsa aka ƙiyasta cewa wajen kashi biyu cikin uku na agon ɗin Mars ya riga ya tsere.

To, a 1983 wasu masana biyu a cibiyar NASA da ke Houston, Donald Bogard da Pratt Johnson, suna aiki a kan wani ɗan'uwan Zagami da aka tsinta a Antatika, mai lamba EETA79001. A jikinsa akwai wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo na gilashi, wuraren da bugun nan ya narkar cikin ƙiftawar ido suka sake daskarewa nan take. Suka ɓanɓaro gilashin suka gasa shi a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, suka auna abin da ya fita. Niyyarsu sanin shekarun dutsen ce, sai lissafi ya ƙi fita, domin agon ɗin da ke ciki ya yi yawa fiye da hankali. Da suka duba gaurayen agon da kirifton da zenon, sai ga tambarin da Viking ya aiko shekara 7 kafin nan. Wasu masanan a Jami'ar Minnesota, Richard Becker da Robert Pepin, suka auna naitirojin ɗin gilashin, shi ma ya zo da nauyin na Mars. Pepin ya zana jadawali: a gefe guda yawan kowace iska a Mars yadda Viking ya auna, a ɗaya gefen yawanta a cikin gilashin. Duk suka jeru a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, tun daga kabon dayoksaid mai tarin yawa har zuwa zenon da ba ta taka kara ta karya ba. Na daɗe ina nuna wa ɗalibaina wannan jadawali, kuma har yanzu in na dube shi sai tsigar jikina ta tashi. A daidai lokacin da aka buge dutsen, iskar da ke cikin tsagoginsa ta shige cikin narkakken gilashi, gilashin ya rufe a kanta kamar kwalbar da aka toshe, ya riƙe ta miliyoyin shekaru.

A 1995 Kurt Marti na Jami'ar California da ke San Diego da abokan aikinsa suka sami irin wannan iska a cikin gilashin dutsen Zagami. Shi ne na biyu da aka tabbatar ta wannan hanya, kuma yana da wata daraja da na Antatika ba shi da ita: an ga faɗowarsa, an ɗauke shi nan da nan, bai kwanta dubban shekaru ruwa da ƙanƙara suna shigarsa ba. Duwatsun Mars da aka shaida faɗowarsu da ido guda 5 ne kacal a tarihi, huɗun da na ambata da na Tissint a Maroko a watan Yulin 2011. Akwai ma wani agogon a jikinsa. Muddin dutse yana yawo a sararin samaniya, wasu haskoki masu ƙarfi suna dukansa suna haifar da sababbin aisotof a cikinsa, da zarar ya shigo ƙarƙashin iskarmu abin ya tsaya. Daga nan aka san dutsen Zagami ya yi wajen shekara miliyan 3 yana kewaya rana kafin ya sauka a gonar bawan Allahn nan.

Na san mai kaifin tunani zai ce, awon Viking na 1976 ne, na'urar tsohuwa ce, in ta yi kuskure fa? An sake awon. Motar Curiosity, wadda ta sauka a kwarin Gale a watan Agustan 2012, tana ɗauke da ɗakin gwaji sukutum a cikinta. A 2013 ta auna agon mai nauyin 36 a kan mai 38. Dalilin zaɓen agon shi ne ba ya haɗuwa da kowane sinadari, shiƙa kaɗai ke canza gaurayensa. A jikin rana adadin 5.5 ne, a iskar duniyarmu 5.3. Masu nazarin duwatsun nan sun riga sun ce, in lissafinsu daidai ne, na Mars zai faɗa kusa da 4. Curiosity ta samu 4.2. Tun kafin nan ma, a 2004, motar Opportunity ta ci karo da wani dutse a filin Meridiani, wanda aka laƙaba wa suna Bounce saboda a kansa kumbon ya yi tsalle lokacin sauka, ta ɗora masa na'urorinta, sinadaransa suka zo kusan ɗaya da wani ɓangare na EETA79001. A wurina, daga nan magana ta ƙare.

Yanzu ga dutsen Agadas. An tsince shi a watan Nuwamban 2023, nauyinsa ya kusa kilo 25, shi ne yanki mafi girma na Mars da ake da shi a duniya yanzu. Kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York ranar 16 ga Yulin 2025 a kan kusan dala miliyan 5.3. Ba kowane sabon dutse ake gasawa a nemi iska a cikinsa ba, kuma ba a buƙatar haka. Tunda an riga an tabbatar da asalin gidan, abin da ya rage shi ne a nuna sabon ɗan gidan ne. Ana yanko ɗan ƙarami a kai ɗakin gwaji, a duba irin ma'adinansa, da gwargwadon ƙarfe a kan manganis a cikinsu, da gaurayen oksijin, da wani ma'adini fari da bugu mai tsanani ke mayarwa gilashi ba tare da ya narke ba. Daga nan wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya duba sakamakon kafin a sa dutsen a rajista. Na Agadas ya bi ta wannan ƙofa, wani ɗakin gwaji a Shanghai ta ƙasar Sin ne ya tantance shi, aka sa shi a dangin Shergotty da Zagami. Saboda haka kuɗin na 'yan kasuwa ne, amma hukuncin ba nasu ba ne. Cikin duwatsun sama fiye da 70,000 da ke rajista, na Mars wajen 400 ne kawai, abin da ya sa tsadar ke nan.

Kana iya tambaya, tunda Mars na aiko mana da duwatsunta kyauta, me ya sa ake kashe dukiya ana tura motoci can? Domin dutsen da ya faɗo baƙo ne da ya zo babu adireshi. Ya gaya mana ƙasarsu, bai gaya mana unguwarsu ba, balle abin da ke samansa da ƙarƙashinsa lokacin da yake kwance. Masanin duwatsu kuwa rabin iliminsa daga nan yake fitowa. Ban da haka, duk ɗaruruwan nan daga bugu goma da 'yan kai suka fito, kuma bugun yana zaɓe: dutse mai tauri, sabon daskarewa, shi ke jure cillin. Laka da yashin da suka kwanta a gindin tsofaffin tafkuna, inda ake sa ran samun alamar rai in ta taɓa wanzuwa, rugurgujewa suke yi. Shi ya sa yawancin duwatsun da ke hannunmu matasa ne, alhali hotunan kumbuna sun nuna yawancin fuskar Mars tsohuwa ce tukuf. Wannan giɓin ne motar Perseverance ke cikewa tun da ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, inda wani tsohon kogi ya taɓa zuba a tafki. Tana haƙo dutse kamar girman alli, tana rufewa a bututu, kowanne da hotonsa da wurinsa a rubuce, har ta ajiye guda 10 a ƙasa a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Ɗauko su ne ya zama aiki, domin ƙiyasin da aka yi a 2023 ya kai dala biliyan 8 zuwa 11. Ɗebo samfuri da na'ura dai ba mafarki ba ne: Japan ta kawo giram 5 da ɗoriya daga Ryugu, wani dutse da ke shawagi a sararin samaniya, a 2020, Amurka ta kawo wajen giram 120 daga wani irinsa mai suna Bennu a 2023, Sin ta kawo kusan kilo 2 daga bayan wata a 2024. Mars ce ke da wuya, saboda sai an harba roka daga can.

Akwai wani ɗan labari da nake so ka kai wa ɗalibanka. Kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996 ya tafi da ɗan ƙanƙanin ɓarɓashin dutsen Zagami a jikinsa, masu ƙera ɗaya daga cikin na'urorinsa ne suka maƙala shi. Kumbon ya daina magana a watan Nuwamban 2006 yana cikin kewaya Mars. Ɓarɓashin da ya bar can shekara miliyan 3 da suka wuce, ya yada zango a lardin Katsina, ya koma yana zagaya gidansu. Perseverance ita ma ta tafi da yankin wani dutsen Mars da aka tsinta a Oman a 1999, tana haska shi lokaci-lokaci don ta tabbatar na'urarta ba ta kauce ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Manya biyu daga cikin duwatsun Mars a ƙasashenmu suka sauka. Na Zagami an yayyanka shi, ɓangarorinsa suna gidajen tarihi da ɗakunan gwaji da hannun masu tarawa a faɗin duniya. Na Agadas bai ma sami sunan garinsu ba, lamba aka ba shi, NWA 16788, haruffan da ke nufin arewa maso yammacin Afirka, waɗanda ake maƙala wa duwatsun Sahara da yawancinsu ta hannun fatake suka bi. Bayan gwanjon gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, kamfanin gwanjon kuwa ya ce an bi ƙa'ida. Ba ni da hurumin yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da nake da hurumi a kai shi ne na koyar da ilimin duwatsu shekara da shekaru, kuma mafi yawan ɗalibaina a hoto suka san dutsen Zagami. Ko yanki mai nauyin giram 20 da za a ajiye a jami'a a Yamai ko Zariya, a yanka shi siriri a sa a madubin ƙara girma, zai haifar da masanan da lacca ɗari ba za ta haifar ba.

Tun bayan labarin gwanjon mutane ke kawo mini duwatsu a ƙunshe cikin tsumma. Wani dattijo ya yi tafiyar yini guda ya zo da nasa, yana riƙe da shi hannu biyu, kuma ya yi mini nauyi ƙwarai in gaya masa kashin maƙera ne. Yawancin abin da ake kawowa ke nan, ko marmara mai ƙarfe, ko abin da muke kira gatarin aradu, wanda galibi makamin dutse ne da mutanen zamanin da can suka wasa da hannunsu. Dutsen sama na gaske yakan zo da siririn baƙin ɓawo kamar an babbake shi, sau da yawa da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a cikin laka, kuma ba ya da ramukan kumfa irin na kashin maƙera. In Allah ya sa wani naka ya ci karo da irinsa, ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance kafin ya taɓa shi, ya adana wurin a wayarsa, kada ya wanke shi, kada ya fasa, ya nemi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa. Kuma don Allah kada ya manna masa maganaɗisu, ko da yake shi ne gwajin da kowa ke fara yi. Dangin Zagami ba sa kama maganaɗisu sosai, don haka gwajin ba zai nuna masa komai ba, ɓarna kawai zai yi. Akwai wani dutsen Mars da aka tsinta a Sahara a 2011, NWA 7034, wanda a cikinsa akwai ƙwayoyin da suka kai shekara miliyan 4,400, tun zamanin da Mars ke da garkuwar maganaɗisunta. Masana sun sa rai za su karanta ƙarfin wannan garkuwa a jikinsa. Da suka auna gutsattsarinsa, sai suka tarar maganaɗisun hannu da masu tsinta da dillalai suka yi ta goga masa ya shafe rubutun.